Wa ya taɓa ɗora sabon tayil kan tsoho a banɗaki?

Uwar gida:
Salam jama'a. Tayil ɗin banɗakina ya tsufa, ga santsi, mai tayil yace ba sai an fasa ba a ɗora sabo akai kawai. Don Allah wanda ya taɓa yi ya faɗa min yadda ta kaya.

Mai gidan haya:
Wslm Hajiya, ni na yi kuma na ji jiki. Da siminti zalla aka ɗora min akan tayil mai sheƙi, ba a kankare shi ba, ba a wanke sabulun da ya daskare ba, ko shekara ba a yi ba ya fara ɗagowa, in ka taka sai kaji ƙwas ƙwas. Ashe siminti baya kama fuska mai santsi, sai an bi ta da giranda ta yi kaushi sannan a sa gam ɗin tayil.

Magini:
Hajiya kafin komai ki ɗauki ƙotar guduma ki ƙwanƙwasa tsohon ɗaya bayan ɗaya, wanda yayi ƙara kamar ganga to ƙasansa rami ne, a cire shi a cike gurbin. In sun yi yawa ko kina ganin danshi a bango ta waje, fasawa ce kawai, don sabon tayil baya tsayar da yoyo, ɓoye shi zai yi. In kuwa ledar ƙasa ce a shimfiɗe, a ɓanɓare ta gaba ɗaya, ita kam bana ɗora komai a kanta.

Malama:
Nawa kan tarazo aka ɗora, shekara 4 kenan ko motsi bai yi ba alhamdulillah. Matsalar da ban hango ba tsayi ne, ƙasan ya tashi kusan santimita 1 da rabi, ƙofa ta ƙi rufuwa sai da kafinta ya rage ta, kuma da yake banɗakin ya zo daidai da ɗaki in ana wanka ruwa sai ya gangaro min kan kafet, sai da aka ɗaga dokin ƙofa.

Magini:
Yauwa Malama, shi yasa ake ɗaga bakin magudanar ruwan, a bar gangara kamar santimita 1 zuwa 2 a kowace mita. Masai ma a cire shi a sa tayil sannan a mayar, kar a zagaye shi. Kuma awa 24 kar kowa ya taka.

Uwar gida:
Na gode. Na ƙwanƙwasa yanzu, guda 3 ne kusa da famfo suke ƙarar nan, gobe zan nuna wa mai tayil ɗin.