Shawarwarin tsofaffin hannu kan gyaran manhaja

A hirar wasu masu rubuta manhaja, abin da aka fi nanatawa shi ne: in aiki ya cije, karanta saƙon kuskuren har ƙarshe kafin ka taɓa komai, don galibi yana faɗin fayil da layin da matsalar take. Sai ka canza abu ɗaya, ka gwada. A riƙa adana aikin kaɗan-kaɗan a Git, wato manhajar da ke ajiye tarihin canje-canjen da aka yi, da bayanin da za ka gane bayan wata shida.

Kan kwafo kod, wato rubutaccen umarnin da ake gina manhaja da shi, daga intanet aka yi ja-in-ja. Ni dai ina bayan masu cewa kada ka liƙa abin da ba za ka iya bayyanawa ba. Wata kuma ta ce a gwada manhajar a tsohuwar wayar Android, inda sabis ke ɗaukewa.