Katin zaɓe ma abin godiya ne?

Bulus: Salama, 'yan'uwa. Na ji wasu ba su ji daɗin shaidar da na bayar ranar Lahadi a majami'a ba. Abin da na ce kawai, ina gode wa Ubangiji da ya ba ni ƙasar da ake zaɓe. Ina aikin gini a Yamai lokacin da sojoji suka tsare shugaban Nijar Bazoum, 26 ga Yuli, 2023. Abokan aikina da suka bi layi suka zaɓe shi a 2021, ba wanda aka nemi shawararsa. A 2025 aka rushe jam'iyyu gaba ɗaya, aka ba Janar Tiani shekara biyar. Tun da na dawo Jos bakina ya daina zagin Najeriya.

Saratu: Sannu da dawowa, ɗan'uwa, amma godiyar me? A 2023 sai da dare ya same mu a rumfar zaɓe muna gadin ƙuri'a. An ce akwai BVAS, na'urar tantance masu zaɓe, sakamako zai hau intanet nan take, na shugaban ƙasa ya ƙi hawa. Ranar rantsarwa aka cire tallafin mai. Jajiberin Kirsimeti kuma aka kashe mutane sama da ɗari a Bokkos da Barkin Ladi. Je ka faɗa wa gwauraye a can su gode wa kati.

Istifanus: Ina bayan Anti Saratu. Mutum miliyan 93 suka yi rajista, waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba. Wanda ya ci da ƙuri'a ƙasa da miliyan 9 ya ci. Jama'a da kansu sun yanke ƙauna. Kuma Bulus, ka faɗi gaskiya, mutanen Yamai ba su cika tituna suna yi wa sojojin tafi ba?

Bulus: Sun cika, da idona na gani. Amma wanda ya yi tafin, in gobe ya gaji, ina zai kai ƙara? Ni aƙalla na san 2027 na nan tafe.

Baba Dattijo: Ku yara ba ku san soja ba. Mu 'yan Filato ba labari aka ba mu ba. Ɗanmu Gowon ya yi mulki shekara tara, an tumɓuke shi yana taro a Kampala a 1975. Bayan tawayen Dimka a 1976 aka harbe Joseph Gomwalk, gwamnan da ya riƙe Benuwai-Filato, tare da 'ya'yanmu sojoji da dama. Gidaje sun yi makoki a ɓoye, ba mai iya buɗe baki. A 1993 mun bi layi a rana muka zaɓi Abiola, Musulmi, mataimakinsa ma Musulmi, ba mu damu ba. Babangida ya soke zaɓen, Abiola ya mutu a tsare a 1998. To yanzu ke Saratu kin zauna da waya kina caccakar shugaban ƙasa da sunanki a sama, kuma za ki kwana a gidanki. A zamanin Abacha da ba haka ba. Ranar da Jonathan ya ɗauki waya ya kira Buhari a 2015, tun ba a gama sanar da sakamako ba, ni ban zaɓi Buhari ba, amma na durƙusa na yi godiya, don mun riga mun ɗaure kaya muna jiran tashin hankali.

Saratu: Baba, da girmanka, ban musa ba. Amma da soja ya ƙwace da alƙali ya ƙwace, ni dai ƙuri'ata ce ta tafi. Kotun ɗaukaka ƙara ta cire gwamnanmu na Filato, Mutfwang, Kotun Ƙoli ta dawo da shi a Janairun 2024. 'Yan majalisar da muka zaɓa fa? Su shari'arsu a ɗaukaka ƙara take ƙarewa, kujerun suka tafi ke nan.

Baba Dattijo: Wannan kam ya yi mini ciwo, 'yata. Ba ni da amsarsa.

Maman Joy: Kada kuma mu mai da zaɓe garkuwar ikkilisiya. A Janairun 2015 da aka ƙone majami'u a Zinder da Yamai, zaɓaɓɓen shugaba ne a kan mulki.

Fasto: Gaskiya ne, Mama. Lokacin da manzo Bulus ya umarci Timoti a yi addu'a domin sarakuna da masu mulki, Kaisar ne a kan gado, ba mai ƙuri'a ko ɗaya. Addu'a ba ta jiran zaɓe. Mu da aka ƙara mana da kati, za a tambaye mu abin da muka yi da shi. Ni abin da ke damuna, cikin masu ƙorafin nan akwai waɗanda suka karɓi atamfa da taliya a layi.

Istifanus: Fasto, ka fara da manyan da ke ba 'yan takara bagade su yi kamfe ranar Lahadi, sannan ka zo kan masu taliya.

Fasto: Ka kawo wannan a taron dattawa, zan goyi bayanka.

Saratu: Ni dai zan fita 2027, amma don haushi, ba don godiya ba. Kuma Bulus, kada ka sa sunana cikin shaidarka ta gaba.