Bireve na iri: wace kalma za mu tsayar da Hausa?

Jama'ar Maradi, musamman ƴan rediyo da malaman gona, ku matso mu yanke kalma. Akwai takardar da hukuma ke ba wanda ya ƙirƙiro abu, wadda ke hana kowa ƙera shi ko sayar da shi ba da izininsa ba har shekara 20. Tamu ta Nijar daga ofishin OAPI na Yawunde, hukumar da ke ba da irin wannan takarda a ƙasashen Afirka da dama, take fitowa. Faransawa na ce mata bireve. To a garin nan in ka ce bireve, jarabawar ƙarshen kwaleji kowa zai ji, har a tambaye ka ko yaron ya samu.

Waken suya ya tayar da zancen. A 1996 kamfanin Monsanto na Amurka ya fito da irin Roundup Ready da aka sauya wa ƙwayoyin halitta: a fesa maganin gilifosat, ciyawa ta mutu, wake ya tsaya. Amma saboda takardar da kamfanin ke riƙe da ita, a lokacin manomi ba shi da damar ajiye iri ya shuka baɗi. Vernon Bowman na jihar Indiyana ya sayi wake mai irin Roundup Ready a ciki wajen masu tara hatsi ya shuka, kotun ƙolin Amurka ta ba shi rashin gaskiya a 2013. A 2015 takardar ta ƙare.

Wani ya kawo "lasisi". A'a, Malam. Lasisi izini ne da mai takardar ke ba wani, ba ita ce takardar ba.

"Haƙƙin mallaka" ya fi samun ƙuri'a, kuma shi na fi ƙi. Bahaushe in ya ji mallaka, gida da gona yake gani, abin da ɗa zai gada, jika ya gada. Ita kuwa wannan da ranar ƙarewarta ake ba da ita, kuma sai mai ita ya bayyana wa duniya yadda ya yi abin. Shi ya sa na tsaya kan "haƙƙin ƙirƙira".

Ƙarewar fa? Wani dattijo, Allah ya ƙara masa lafiya, ya ce a kira ta "sakin gona", kamar ranar da hukuma ke buɗe wa makiyaya gonaki bayan girbi. Ta zauna da kyau: bayan cikar wa'adin, manoman Amurka sun sami irin Roundup Ready na Jami'ar Arkansas da za su iya ajiyewa su sake shukawa. Sai wata Hajiya ta ce ita in ta ji saki, aure take tunawa. Ni kuma damuwata daban ce. Tun 2009 kamfanin ya riga ya fito da Roundup Ready 2 Yield da sabon haƙƙinsa, ya ja manoma can. Tsohon halin jure wa maganin ciyawa kaɗai aka saki, ba gonar duka ba.

Don haka a rediyo mu ce "haƙƙin ƙirƙira", mu ce "wa'adinsa ya cika". Abin da aka dasa cikin irin kuwa, kamar jure wa maganin ciyawa, "hali" ya wadatar. Malaman cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna, in kuna da wadda ta fi, bisimilla.