Gida ne ke riƙe wa yaro Hausa, ko unguwa?

Hajiya (Jidda): Ni maganata ɗaya ce. Duk yaron da aka haifa a ƙasar waje ya tashi ba ya jin Hausa, laifin uwarsa ne. Harshe a nono ake shan sa.

Malam (Kumasi): Hajiya, Allah ya ƙara girma, amma ban yarda ba. Mu nan zango fataucin goro ne ya kawo kakanninmu, tun zamanin kasuwar Salaga, kuma har gobe da Hausa yaro ke buɗe baki. Ba wai iyayenmu mata sun fi na kowa himma ba ne. Da Hausa ake ciniki, da ita ake tafsirin azumi, da ita malamin allo ke tsawa. Bamoshe da Bazabarme in sun haɗu a unguwar Aboabo ta Kumasi ko Nima ta Accra, ita suke yi. Ko uwa ta yi shiru, titi zai koya wa ɗanta.

Ɗan Kano (Landan): Malam, Hausar taku da ake ce wa mace "ya zo"?

Malam (Kumasi): Ita fa, ƙanena. Ta sauya, amma da ranta. Naka yaran da wacce suke gaishe ka?

Anti (Manchesta): Malam ya taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Nawa har suka kai shekara 4 ba su san Turanci ba. Da shigarsu makaranta, in yi musu Hausa su mayar min da Turanci, a junansu kuwa ba a magana. Hajiya, wace uwa ce za ta yi kokawa da awa 6 na aji kullum, ga talabijin, ga waya?

Alhaji (Sudan): Unguwar ma ba ta isa ba. Bayan yaƙin Burmi a 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya taho da jama'arsa suka kafa gari guda a bakin kogin Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar. Gari fa, ba layi ba. Duk da haka Larabci na cin bakin jikoki, musamman waɗanda suka koma birni. Kuma ga abin da ba a faɗa: uba zai iya hana ɗansa Turanci a gida, amma wa zai tsawata wa yaro don ya yi harshen Alƙur'ani?

Hajiya (Jidda): Wannan kam haka yake, Alhaji. A Makka masu laƙabin Hausawi sun yi yawa, wasunsu ko "ina kwana" sai an fassara. Amma gidajen da suka riƙe, duba da kyau, akwai tsohuwa a ciki wadda ba ta amsa wa jika sai ya yi mata Hausa. Ban janye ba.

Malam (Kumasi): To kin koma kan kaka ke nan, kin saki uwa.

Ɗan Kano (Landan): Anti, ki riƙa tura su gida hutun ƙarshen shekara.

Anti (Manchesta): Na tura, ɗan'uwa. 'Ya'yan yayata suka kewaye su, kowa na son gwada Turancinsa a kansu.