Don Allah a taimaka, na saka kalangu a fiyano ya koma ƙarar gwangwani

Mai Fiyano:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'a. Wallahi kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Fiyanona Yamaha PSR-S970 ce, ta hannu na saya bara bayan na sayar da babur ɗina, na cika da kuɗin adashen maiɗakina, wanda har yau ban gama biyanta ba, duk mai aure ya san abin da nake nufi. Yayana tun a lokacin ya ce in koma ɗinkina, na ƙi. To wata Hajiya ta ba ni aikin kamun 'yarta, saura kwana 9. Ta ce kiɗan kalangu take so, don su asalinsu gidan mahauta ne, amma ba ta son tarin maza a wajen mata. Na ce zan iya. Ta ba da rabin kuɗi, kuma gaskiya na riga na taɓa.

Na samo wani dattijo makaɗi a bakin mayanka, na biya shi ya buga, na ɗauki sautin. Wani yaro ya saka min a fiyanon da kwamfutarsa. Yanzu maɓalli ɗaya ne a tsakiya yake kama da kalangu. In na yi dama sai ka ce yaro na dukan gwangwanin madara, in na yi hagu kamar ana buga ƙofar gareji. Kuma in na danna sai ya yi jinkiri kafin ya fito. Abin da ya fi ci min rai, algaita da shantun da na tarar a cikinta sun ɓace. Ina mafita?

Injiniya:
Malam, mun ji labarin babur da adashe. Abin da ake buƙata ne ba ka faɗa ba. Da me ka ɗauki sautin? Bugu nawa? Wane irin fayil aka saka?

Mai Fiyano:
Da waya ne, amma babbar waya ce. Na danna ɗaukar murya a WhatsApp na tura wa yaron. Bugu ɗaya ya yanko, ya ce ya isa.

Injiniya:
Innalillahi. To ka saurara, sau ɗaya zan yi bayani. Fiyano ba ta san kalangu ba. In ka ba ta sauti ɗaya ka ce ta shimfiɗa a maɓallai 61, gudunsa kawai take canzawa. Daga C zuwa C na sama ta ninka gudun, tsawonsa ya koma rabi, ga gwangwaninka nan. Ka sauko ƙasa ta ja shi ya ninka tsawo, ga ƙofar gareji. Maɓallin da kake jin daidai shi ne wanda yaron ya rubuta a matsayin asalin sautin, ina kyautata zaton C3, wanda ke tsakiya a lissafin Yamaha.

Ganga ba a shimfiɗa ta. A Yamaha Expansion Manager, manhajar kwamfuta da ake saka wa fiyanon sabon sauti da ita, za ka zaɓi Drum Kit, wato jerin ganguna, ka ba kowane maɓalli bugunsa: sakakke a C, matsattse a D, na gefen fata a E, ɗan karɓi a F, haka dai. Kowanne ka ɗauka sau uku, a hankali, tsaka-tsaki, da ƙarfi, ka raba su bisa nauyin dannawa, wanda yake daga 1 zuwa 127. Jinkirin kuwa shiru ne aka bari a farkon fayil. Buɗe Audacity, manhajar gyaran sauti ce ta kyauta, ka faɗaɗa hoton sautin ka yanke daidai inda bugun ya tashi. Ka adana shi a fayil ɗin sauti irin WAV, 44.1 kHz, bit 16. Muryar WhatsApp matse ta ake yi, abin da aka zubar ba ya dawowa. Sake ɗauka za ka yi da makirfo na gaske, babu wata hanya.

Ɗan Maraɗi:
Duk wannan wahala ta Yamaha ce. Mu nan fiyanon Korg muke riƙewa. Pa4X a cikinta kake ɗaukar sauti, ka yanka, ka jera, ba ruwanka da kwamfuta. Ka saida ka huta, ɗan uwa.

Injiniya:
Mutum bai gama biyan adashe ba kana ce masa Pa4X. Kuma ko a Korg ya shimfiɗa bugu ɗaya, gwangwanin zai ji.

Mai Fiyano:
Injiniya na gode, amma wayar ba ta da laifi. Da na saurara a kunne tas yake fita. Kuma yaron ya sauya sunan fayil ɗin zuwa WAV kafin ya saka. Ni batun algaitata ya fi damuna.

Injiniya:
Sauya suna ba juyawa ba ne, in ka rubuta zuma a jikin galan ɗin kalanzir ba za ka sha ba. Dole ya bi da shi ta wata manhaja, in ba haka ba da bai shiga ba ma. Algaita kuwa ta tafi. Duk lokacin da ka girka sabon ƙunshin sauti a S970, yana goge duk abin da ke cikin wurin ajiyar ƙarin sauti, megabait 512 ɗin nan, ya zuba sabo. Ana haɗa tsofaffi da sababbi ne a kwamfuta a girka su tare. In wanda ya sayar maka bai ba ka asalin fayilolin a filashi ba, nemo shi.

Jikan Makaɗa:
Ni tambayata daban ce. Nawa ka ba tsohon? Ka gaya masa cewa hannunsa za ka ɗauke ka riƙa cin kuɗi da shi a gidajen biki? Kakana ya yi shekaru yana kiɗan dambe da na 'yan mata, babana ya gada, yau a kasuwa yake dako saboda fiyano. Kuma ku duka kun manta abu ɗaya. Kalangu a hammata yake magana. Makaɗi ya buga, ya matse tsarkiya sautin ya hau, ya saki ya sauko, duk a cikin bugu ɗaya. Da haka yake kiran sunan mutum da kirarin gidansu. Hajiyar nan taken gidansu take son ji, ba tum-tum ba. Wane maɓalli ne zai faɗi wannan?

Mai Fiyano:
Na biya shi abin da ya yanka da bakinsa, har na ƙara masa kuɗin mota. Don Allah kada a mayar da ni azzalumi, shawara na zo nema.

Na Sabon Gari:
Matsa tsarkiya ai mai sauƙi ne, ka yi da ƙaramar tayar nan ta hagu mai lanƙwasa sauti. Ni haka nake yi. Matsalar ba sauti ba ce, masu biki ne. Watan jiya na yi awa 5 a tsaye, janareta nawa, mai nawa, uwar amarya ta ce sai an kwance lefe za ta cika min. Har yau tana kwancewa.

Injiniya:
Tayar tana jan duk abin da ke ƙara a muryar lokaci ɗaya, har ɗan karɓin da bai kamata ya motsa ba. Shirme ne. A ɗauki hawan da saukar a matsayin bugu na daban, kowanne da maɓallinsa. Shekara 14 ina wannan aikin.

Mai Sitidiyo:
Ni ban ga dalilin yanka bugu-bugu ba. Kwana 9 ba za su isa wanda bai taɓa buɗe Audacity ba. Ka dawo da dattijon ya kaɗa taken gaba ɗaya, ka zuba a filashi, ka ɗora a Multi Pad ta Audio Link, wato maɓallan fiyanon da ke kunna sauti kai tsaye daga filashi. WAV sitiriyo take karɓa, ba girke-girke, ba abin da zai goge. Illarsa ɗaya, ba ya bin gudun kiɗan fiyano, kai za ka bi shi.

Injiniya:
Wannan ai rediyo ce ba kiɗa ba. Amarya ta tsaya ana liƙi, ya za ka ja taken?

Anti Mai Kwalliya:
Ƙanena, ni ba makaɗiya ba ce, amma kusan kowane mako ina gidan kamu. Hajiya tarin maza ta ce ba ta so. Dattijo ɗaya a gefenka da kalangunsa ba wanda zai ce uffan, shi ma ya samu liƙinsa.

Mai Fiyano:
Anti, in na kai shi ai an gane ban iya ba, kuma sauran kuɗin ba zai rabu biyu ba. Ni dai na ga kamar in aka ɗan rage kaifin sautin gefen dama zai wuce, mata ba sa lura da irin wannan. Matsalar yanzu yaron ya koma makaranta Zariya da kwamfutar, mai fiyanon na farko kuma lambarsa ba ta shiga. Ba yadda za a yi wannan Expansion ɗin a waya?

Injiniya:
Babu. Sai kwamfuta.

Ɗan Maraɗi:
In ka yanke shawarar saidawa, nawa za ka bar ta haka ba algaitar?