Don Allah a taimaka min da shawara kan fassarar ma'aunin MRCI

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Hankalina a tashe yake. Bincikena na digiri na biyu shi ne mayar da MRCI zuwa Hausa, ma'aunin nan na 2004 mai abubuwa 65 da ke auna wahalar tsarin shan magani. Da farko wani batu na zaɓa, aka ƙi, na yi wata huɗu a zaune, ga jinya, ga aiki. Yanzu na gama fassara. Sashen siffar magani da na yawan sha a rana ba matsala. Na ukun ne, ƙarin umarni, ya tsaye min. Da aka sake mayar da fassarar zuwa Turanci don a gwada ta da asalin, "yadda aka umarta" na wannan sashen ya cakuɗe da "in an buƙata" na sashen yawan sha. Malamina ya ce in sake daga tushe. Yaya zan yi?

Amsa ta 1: Ƙanwata, wahalar banza kike. Ba majinyaci ke cike MRCI ba, mai harhaɗa magani ne, daga takardar likita. Shi kuwa da Turanci ya yi karatu. Canza batu kawai.

Amsa ta 2: Malam, ai an mayar da shi harshen Fotugal a Brazil tun 2007, an yi na Jamusanci da Turkanci. 'Yar'uwa, mutum nawa suka fassara? Ƙa'ida mutum biyu ne kowa daban, a haɗa, wanda bai taɓa ganin asalin ba ya mayar da shi Turanci, sannan kwamiti ya zauna.

Mai tambaya: Ni kaɗai na yi, yayana ya mayar. Ya ga asalin kam, amma malamin Turanci ne, ba zai yi son kai ba.

Amsa ta 3: Wallahi malamai sai a hankali. Nawa shekara guda ya riƙe min babi na uku, ya ce bai gani ba. Har yau abin na ci min rai.

Amsa ta 1: Can su Brazil da harshensu ake rubuta takardar magani. Shekarata 20 a aikin nan, na faɗa miki.

Amsa ta 2: Ko ba ki sake ba, ba wa mutum biyu takardun majinyata iri ɗaya, ki ga ko makinsu zai zo ɗaya.

Mai tambaya: Na gode Yaya, amma ba ni da lokacin wannan. Kuma akwai ma'aikatan lafiya da Hausa ta fi musu sauƙi, don su na yi. Kalmomin nan biyu kawai nake so a gyara min. Akwai mai dabara?