Wace kalma za mu sa wa "activist"?

Mai Shirin Yamma: Salam jama'a, don Allah a taimaka min da sauri. Ina da shiri a rediyo ƙarfe 4 kan masu kiraye-kiraye a Twitter da Facebook da ke rikiɗewa su koma 'yan kamfen da zarar zaɓe ya matso. Na maƙale a kalmar activist, ɗan gwagwarmaya zan ce ko ɗan fafutuka?

'Yar Zazzau: Ɗan fafutuka. Gwagwarmaya a bar wa su Malam Aminu Kano da Hajiya Gambo Sawaba da suka sha wuya da ɗauri, bai kamata a ba wanda ya buga hashtag daga kan katifa ba.

Baba Malam: 'Yata, ai NEPU ɗin su Malam Aminu da Sawaba jam'iyya ce tun 1950, kuma ta nemi ƙuri'a, a wurinsu gwagwarmaya da zaɓe tafiyarsu ɗaya. Ni dai na daɗe ina cewa mafafuci, kamar manomi da maɗinki. Mafafuciya, mafafuta. Me ya rage?

Ɗan Kurmi: Baba da girmanka, wallahi in ya ce mafafuci a rediyo ba wanda zai gane a kasuwa, samari ma aktibis suke cewa.

Baba Malam: Abin da ke kashe mu kenan! Larabawa sun ce nashiɗ daga harshensu, mu kullum aro, in an ƙirƙiro kuma a ce ba a saba ba, to yaushe za a saba?

'Yar Zazzau: Baba ai rediyon ma aro ce.

Mai Shirin Yamma: Don Allah mu dawo, saura awa ɗaya. Ga inda matsalar take: Oby Ezekwesili na cikin jagororin BringBackOurGirls, kiran a ceto 'yan matan Chibok, a 2014, ta fito takarar shugaban ƙasa a 2019 kafin ta janye, Omoyele Sowore ma ya yi takara a jam'iyyar AAC. In na kira su 'yan fafutuka lokacin kamfen kamar na wanke su ne, in na ce 'yan siyasa kuma na share abin da suka yi a baya.

Ɗan Kurmi: Ka raba kawai. Mai magana kan matsala, ɗan fafutuka. Ya ɗauki tutar jam'iyya, ɗan fafutukar da ya shiga siyasa. Wanda ake tura wa kuɗin data ya kare uban gida kuwa sunansa na nan tuntuni, sojan baka.

Mai Shirin Yamma: Na ɗauka, na gode ƙwarai.

Baba Malam: Shi kenan, kalma ɗaya ta zama jimla. Ka dai ambaci mafafuci ko sau ɗaya ne, mu ji me masu bugo waya za su ce.